Abin da Aka Jefa a Randar Baƙi

Laraba, 24 ga Afrilu, 1974, bayan la'asar

An narkar da Yaya a randar baƙi. Na rubuta, na sake karantawa.

Bari in ɗauko daga farko, ko zuciyata ta sauka. Yaya shi ne babban lu'ulu'un gishirin da Sakinatu Shu'ibu, 'yar aji huɗu, take reno tun shigowar sanyi. 'Yan ajinsu ne suka sa masa suna, ƙaramin kuma suka ce Auta. A littafi sunansa gishirin Roshal. Mu ba daga kwalbar kanti muka samo shi ba, da tsamiya da kanwa muka yi abinmu. Yarinyar nan ta jiƙa, ta tace, ta tafasa, ta riƙa ɗiga ruwan kanwa har kumfa ta daina tashi, ta tace da gawayi har jan ya fita. Sau nawa ya lalace ta sake? Daga ƙarshe ta rataye 'yar ƙwaya guda da zare a cikin ruwan, yana girma a hankali, har ya kai sabulun wanka, garau, kana hango yatsanka ta cikinsa. Shi za ta kai Kano baje kolin kimiyya.

Zafi ba ya yi masa daɗi, don haka muka sa shi a kwalba, muka rubuta sunanta a jiki, muka binne kwalbar a jiƙaƙƙen rairayi cikin tukunya, a ɗakin kimiyya.

Jiya muka yi baƙi daga Kano, masu duba makarantu. Rijiyarmu ta ƙafe tun watan jiya. A kan jakuna ake ɗebo mana ruwa daga ɗan abin da ya rage a kogi, kamar an dama yumɓu. Alif kuwa ya yi wuya, duk Haɗejiya kowa nema yake ya jefa a randa ruwa ya kwanta. To wani ya ce a ransa ai ɗakin kimiyya ba ya rasa alif. Ya buɗe, ya ga farin dutse a kwalba, ya ɗauka, ya je ya jefa wa baƙi.

Ruwan bai kwanta ba. Ina zai kwanta? Gishiri kawai ya yi. An tsinci kwalbar wayam a gindin randa, da sunan Sakinatu.

Mabuɗan ɗakin kimiyya biyu ne. Ɗaya yana ɗaure a bakin zanena, ko wanka zan yi sai na kwance. Ɗayan yana rataye a ofishin Shugabar makaranta. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da azahar

Biyu daga cikin baƙin sun kwana suna zaryar bayan gida. Sun tafi da sassafe ba su karya ba.

Na shiga wurin Shugaba a zatona jaje za ta yi mini. Ban ma gama gaisuwa ba ta ce, "Malama Ramatu, yarinyar nan taki ta zuba wa baƙi magani a ruwa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, wace yarinya?"

"Mai suna a jikin kwalba. Ita ke da juyin cika randar baƙi a makon nan. An ce tana jin haushi tun da aka ɗage baje kolin nan daga sanyi zuwa bazara."

Na ce, "Hajiya, mutum ya yi wata da watanni yana renon abu, sannan ya narkar da shi don ya huce haushi? Kuma da wane mabuɗi ta shiga?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta san na sani. Na san ta san na sani. Sai ta gyara gilashinta ta ce, "Wannan ke za a tambaya, ko kina barin ƙofa a buɗe. Kwamitin makaranta zai zauna. In ya tabbata, kora ce."

Kora. Haka ta faɗa, kamar mai cewa a rufe taga.

Da cewa ta yi na zaci alif ne, wallahi da dariya za mu yi, in koma gida in yi kukana ni kaɗai. Wace macen garin nan ce ba za ta zaci alif ba ne? Iya ma sa'ad da na nuna mata shi cewa ta yi in ɓantaro mata kaɗan. Kuskuren ba abin kunya ba ne. Abin da aka yi bayansa ne nake ji kamar in fasa wani abu.

Juma'a, 26 ga Afrilu, da hantsi

Sun hana Sakinatu shiga aji. Sun zaunar da ita a barandar ɗakin girki tana tsince shinkafa.

Asabar, 27 ga Afrilu, bayan tashi

Na yi darasin da na shirya, don ban ga dalilin da zai sa in bar sauran su yi asara ba. Kujerarta ba kowa. Falmata, ƙawarta, ta ɗora littafi a kai don kada wata ta zauna.

Na sake yi musu bayanin abin da ya sa gishirin nan ya fita daban. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin sassa masu ɗauke da lantarki, ido ba ya ganinsu. In sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri ashirin da huɗu, sai su karkata gefe guda da kansu, rukuni-rukuni, kamar ciyawa a ruwa mai gudu. A wannan hali in ka ɗaura masa waya biyu ka matsa shi da yatsa, allurar awo sai ta yi tsalle. Da ya haura ashirin da huɗu, karkatar nan ta watse. A ido bai canza ba, yana nan garau, amma ciki ya zama wani abu dabam, kuma yadda zafi ke ƙaruwa haka amsarsa ke raguwa. In ya kai hamsin da biyar kuwa, narkewa yake yi a cikin ruwan jikinsa, ba ya dawowa.

Kullum in na zo nan Sakinatu ce ke ɗaga hannu. Ita ce ta taɓa tambayata, "Malama, su waye suka gaya musu ashirin da huɗu ta yi?" Na yi mako ina bincike kafin na iya ba ta rabin amsa. Ka ji irin kan da za a mayar gida.

Yau ba wadda ta ɗaga hannu. Na yi wa Falmata tsawa a kan alli, alhali ba ta yi komai ba. Zan ba ta haƙuri ranar Litinin.

Na bi ta bayan ɗakin girki. Sakinatu ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Abin da ta ce kawai, "Malama, an zuba wa rairayin Auta ruwa?"

Na ce an zuba. Na juya da sauri.

Litinin, 29 ga Afrilu, lokacin tara

Malam Isa mai koyar da tarihi ya same ni a ɗakin malamai. Ya duba dama, ya duba hagu, ya rage murya.

"Malama mai tsafin kanwa, ashe kin kusa kashe mana baƙi."

Na ce, "Ba na son wasa yau, Malam."

Ya ce, "To ba wasa. Ranar Talata ina aji biyu, tagata tana kallon ƙofarki. Na ga wadda ta shiga. Har ta ɗaga shi a rana tana cewa kai, wannan alif da kyau yake."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Alhamdu lillahi! Za ka faɗa a gaban kwamiti?"

Ya kama haɓa. "Ni? Haba Malama. Wa ya ce na ga wani abu? Iyalina suna nan garin. In aka tura ni ƙauyen da mota ba ta zuwa, ke za ki ɗauko mini gero?"

Na ce, "To me ya sa ka gaya mini?"

"Don kada ki zaci kin haukace."

Na gode masa. Ya ji irin godiyar, ya kwashe littattafansa ya fita. Mutumin da ke koya wa yara labarin jarumai.

Talata, 30 ga Afrilu, bayan azahar

Iya ta ce in ci abinci. Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Da me? Da fushi?" Ta ce in bi a hankali, mace mai aikin gwamnati ba ta ja da wadda ke sama da ita. Na ce, "Iya, da ni ce aka zaunar ina tsince shinkafa fa?" Sai ta ce, "Da na je na tsige mata ɗankwali." Sannan ta turo mini kwanon.

Akwai abin da nake ta kewayewa, gara in rubuta shi. Gishirin nan yana sakin ciki. Haka littafi ya ce, a da ma magani ake yi da shi don wanke ciki. Ba guba ba ne, ba ya kisa, ba ya lahani. Kuma a randa guda ya tsinke ƙwarai, ni na fi zargin ruwan kogin da bai kwanta ba. Amma in suka tambaye ni ko yana taɓa ciki, ba zan ce a'a ba. Su kuwa daga jin "yana taɓawa" sun gama shari'a.

Ba ita ta jefa ba. Maganar ke nan. Ba ita ta jefa ba. Amma ba wanda ke son wannan maganar, sai ta magani.

Alhamis, 2 ga Mayu, bayan asuba

Na zo da wuri na gwada Auta. Ma'aunin zafi a cikin rairayi ya nuna ashirin da biyu. Na ɗaura waya, na matsa, allura ta yi tsalle har na yi dariya ni kaɗai. Girmansa bai wuce goro ba, amma yana amsawa.

Ga shawarata. Zan nuna wa kwamiti wannan. In suka gani da idonsu cewa aikin makaranta ne, abin da za a yi alfahari da shi a Kano, ba wani ƙulli ba, za su tambayi kansu da kansu: wa zai jefar da irin wannan? Daga nan sai maganar mabuɗi.

Alhamis ɗin dai, da hantsi

Na roƙi Shugaba a yi zaman da sassafe, na faɗi dalili. Ta ce dattawan kwamiti ba za su bar harkokinsu don dutse yana jin zafi ba. Talata, bayan azahar, a ofishinta.

Bayan azahar. A ƙarƙashin rufin kwano. A watan Mayu.

Ita ma fa ta yi karatu. Ta fahimci abin da na ce sarai.

Asabar, 4 ga Mayu, da rana

Arba'in da uku a inuwa. Hadari ya taso ya watse. Ko rairayin ya daina yin sanyi kamar da.

Litinin, 6 ga Mayu, da yamma

Mahaifin Sakinatu ya iso daga wajen Baturiya, rabi a mota rabi a ƙasa. Malam Shu'ibu. Dogo, siriri, riga fara an wanke ta har ta gaji. Masunci ne, yana kuma noman shinkafa in ruwa ya malalo, bara kuwa bai malalo ba. Saƙon da aka aika masa cewa aka yi ya zo ya tafi da 'yarsa. Tun ba a zauna ba!

Ya sauka gidanmu. Ya gaisa da Iya, ya ƙi zama a tabarma sai da aka matsa masa.

Ya ce, "Malama, an ce ta zuba wa manya magani."

Na ce, "Baba, ba ta zuba ba."

"Na tambaye ta, ta ce ba ita ba ce. To shi ke nan. Mutanen garinmu sun ce da ma ƙarshen boko ke nan. Ni na ce a bar ta. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ita ke yi mana girki, ranar da ta taho sai da muka koyi hura wuta ni da ƙannenta. Yanzu in na koma da ita da wannan suna, wa zai ƙara karɓar ruwa a hannunta?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Ni makaranta nake ta gani. Ashe abin ya fi kora.

Na gaya masa komai, har da cewa gishirin yana sakin ciki. Ya gyaɗa kai kawai.

Talata, 7 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta duka yanzu kafin in fara gyara shi a raina.

Dattawa huɗu, da Shugaba, da ni, da Sakinatu a durƙushe, da mahaifinta a bakin ƙofa. Ofishin kamar tanda. Na kawo Auta a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, na ce don Allah a bar ni in gwada nan take. Shugaban kwamiti ya ce tukuna, a fara da addu'a, a gaisa. Aka gaisa. Aka tambayi zafi, aka tambayi fari, aka yi maganar tsadar gero. Sannan ya ce a miƙo ya gani. Ya juya shi, ya sansana, ya miƙa wa na kusa. Kowa ya riƙe a tafin hannu mai gumi, ya ɗaga, ya yi sharhi. Ina tsaye ina kallo suna ɗumama shi kamar ƙwai. Shugaba har da cewa, "A ba Alhaji ma ya duba da kyau."

Da ya dawo hannuna ɗumi gare shi, gefensa ya fara santsi. Na ɗaura waya. Na matsa. Allura ta ɗan girgiza, kamar an hura mata iska. Na sake. Haka dai.

Wani ya ce, "Shi ke nan abin?"

Na fara bayanin ashirin da huɗu. Ina jin muryata tana tashi. Ina magana ina ganin fuskokinsu, ga malama ta zo da dutse ta ce yana magana, da ya ƙi ta ce zafi ne. Na ce a tambayi mabuɗi. Shugaban kwamiti ya ce ba shari'ar mabuɗi aka zo yi ba. Ya ce, "Tambaya ɗaya, Malama. Abin nan, in mutum ya sha, yana taɓa shi ko ba ya taɓa shi?"

Na buɗe baki. Sai Malam Shu'ibu ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ruwa a moɗa."

Aka zaci ƙishi yake ji. Aka kawo. Ya taso ya miƙo mini hannu. Na gane. Na dubi Sakinatu, don nata ne, kuma shi kaɗai ya rage, in ya tafi ba Kano. Ta dubi mahaifinta, ta kwance wayar da hannunta, ta ba shi.

Na ce, "Baba, ni zan sha. Na gaya maka abin da yake yi."

Ya ce, "Bari, Malama. Tun tana shekara tara nake cin girkinta."

Ya ɗora a ƙasa ya daka da gindin moɗa, ya tattare har garin, ya zuba, ya juya da yatsa. Ya yi bisimilla ya shanye. Na baƙi a randa guda ya tsinke, shi kuwa a moɗa ɗaya ya sha nasa. Ya goge baki ya ce, "Ga ni nan a gindin darbejiyar can. In na faɗi, ku kore ta. In an kira magariba ina zaune, a bar mini yarinya ta yi karatu."

Ya fita ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya fuskanci ƙofar ofis.

Ba su san yadda za su yi ba. Suka ce za su tattauna, suka kore mu waje. Na tsaya a baranda. Yara suka cika tagogi. Ya yi la'asar a wurin da ruwan butar da Falmata ta kai masa. Bayan la'asar na ga gumi yana bin wuyansa, ya naɗe ƙafafu, ya dafe gwiwa. Na san abin da ke faruwa a cikinsa. Na je na tsuguna na ce a hankali, "Baba, bayan gida yana can bayan ɗakin girki, ba wanda zai gani."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ita tana gani."

Na waiga. Labulen ofis yana motsi.

Ban taɓa jin rana ta yi nauyin faɗuwa irin na yau ba. Sakinatu ta zauna a ƙasa kusa da shi tana yi masa fifita da murfin littafi.

Gab da magariba ƙofa ta buɗe. Shugaban kwamiti ya ce mini, yana kallon gefe, sun duba ba su sami hujja ba, yarinya ta koma aji gobe, a bar maganar haka. Ba wanda ya ce wa ya jefa. Ba wanda ya ba ta haƙuri. Malam Isa ya taho da gudu yana yi mini barka, na wuce shi.

Hanyar fita ɗaya ce, ta gindin darbejiya. Dole kowa ya bi ta gabansa. Dattawa suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce sannu Malam, ya amsa. Shugaba ce ta ƙarshe. Ta so ta ratse, ba hanya. Ta tsaya ta ce, "Malam, ya jikin?"

Leɓensa ya bushe, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya ɗago ya dube ta sosai, ya ce da ƙarfi har 'yan taga suka ji, "Lafiya lau, Hajiya. An kira salla?"

Ta ce, "Ba a kira ba tukuna."

Ya ce, "To ina nan."